Mayar da siginar bayan babur fitila mai ci koyaushe: wace hanya ta dace da wane babur?

Yawancin babura suna fitowa daga kamfani da danja guda ɗaya tak a baya, kuma direban da ke biye da babur cikin dare ba ya ganin komai sai ɗigon jan haske ɗaya, wanda ba ya nuna masa faɗin abin da ke gabansa, ba ya kuma taimaka masa wajen ƙiyasta tazarar da ke tsakaninsu. Idan ƙwan danjar ya ƙone a kan hanya, mahayi ba zai sani ba, domin ba ya ganin bayansa. Wannan ne ya sa masu babura da yawa ke son ɗora wa siginonin baya aiki na biyu, wato su riƙa ci da haske kaɗan muddin babur na kunne, sannan su ƙifta da ƙarfi idan an ba da sigina. Da haka ɗigo ɗaya zai zama uku a jere, kuma ko ɗaya ya mutu, sauran biyun suna nan.

Hanyoyin yin wannan aiki sun kai biyar, akwai kuma ta shida wadda ba ta taɓa siginar kwata-kwata. Ba su yi daidai ba wajen tsada, ƙarko, sauƙin haɗawa da haɗarin da ke tattare da su. Ma'aunin da na ɗora wannan kwatanci a kansa shi ne cewa aikin sigina na farko shi ne ta gaya wa na baya inda mahayi zai juya, don haka duk hanyar da ta ƙara haske amma ta raunana wannan saƙo ta jawo hasara, komai arharta.

Ya dace kuma a san iyakar amfanin aikin. Binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, wanda aka wallafa a 1981 bayan nazarin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjelis, ya gano cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na abubuwan da suka jawo haɗari sun ɓullo ne ta gaban mahayi. Ƙarin haske a baya yana da amfani na gaske, musamman ga mai tsayawa a mahaɗar hanya da dare ko mai tafiya cikin ruwan sama da hazo, amma bai kai a sadaukar da lafiyar wayarin babur saboda shi ba.

Abubuwan da za a duba kafin zaɓe

Na farko shi ne launi, kuma shi ne ke rufe wa mutane da yawa ƙofa tun kafin su ɗauki filaya. Kusan ko'ina a duniya, hasken da ke ci ba ƙiftawa a bayan abin hawa dole ne ya zama ja. Launin ruwan goro a baya an keɓe shi ne ga sigina mai ƙiftawa. Ke nan wanda ya sa siginarsa mai murfi ruwan goro ta riƙa ci koyaushe ya saɓa doka a mafi yawan ƙasashe, kuma ya rikita na baya, wanda zai iya zaton gaban abin hawa ne yake gani. Mafita a fili ita ce a canza murfin zuwa ja, to amma nan ma dokoki sun rabu biyu. Ƙa'idar fitilun ababen hawa ta Amurka, mai lamba FMVSS 108, ta yarda siginar baya ta zama ja ko ruwan goro, shi ya sa wannan aiki ya yaɗu a can, har kamfanin Harley-Davidson ya fitar da babura irin su Iron 883 da Forty-Eight waɗanda siginonin bayansu su ne danja, su ne kuma fitilar birki. Amma Ƙa'ida ta 53 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun babur, wadda ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi, ta wajabta sigina ta zama ruwan goro, danja kuma ja. A ƙasar da ke bin wannan tsari, jan murfi a kan sigina laifi ne, ruwan goro mai ci koyaushe ma laifi ne, sai dai fitilar da ke iya ba da launukan biyu. Wajibi ne mai babur ya fara sanin wanne daga cikin tsarin biyu ƙasarsa ke bi, domin maganar ta shafi binciken lafiyar abin hawa da kuma inshora idan tsautsayi ya faru.

Ko inda doka ta yarda da ja, akwai abin da ake rasawa. Nazarin da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta fitar a 2009 ya nuna cewa sigina ruwan goro ta fi ja rage bugun baya a lokacin juyawa da kashi 5.3 cikin ɗari. A kan motoci aka yi nazarin, amma dalilin a bayyane yake: ido ya fi saurin rarrabe launin da ya bambanta da na birki. A babur, inda fitilun ke kusa da juna, matsalar ta fi tsanani, shi ya sa ƙa'idar Amurka ta nemi tazarar inci 4, kimanin santimita 10, tsakanin jar sigina da danjar tsakiya.

Na biyu shi ne bambancin haske tsakanin ci na kullum da ƙiftawa. Ƙwan P21/5W, wanda aka ƙera musamman don irin wannan aiki biyu, yana ba da kimanin lumen (ma'aunin yawan haske) 35 a ƙaramin zarensa da 440 a babban, wato ninki goma sha biyu da ɗoriya. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe. Idan hasken kullum ya kai rabin na ƙiftawa, da rana tsaka ba wanda zai gane an ba da sigina.

Na uku shi ne ƙarfin wutar babur da irinta. Babban babur ba ya jin ƙarin wat 10, amma ƙaramin babur mai ƙaramin kwayil da ƙaramin batir yana ji, musamman idan yana yawan tsayawa a cunkoso inji na silo. Akwai kuma wani tarko da ake yawan faɗawa: a ƙananan babura da yawa, fitilar gaba da danja suna shan wutar AC ne, wato mai kai da komo, kai tsaye daga kwayil, sigina da hon kuma suna shan DC, wato mai tafiya gefe ɗaya, daga batir. Wanda ya jona wayar danja da ta sigina a irin wannan babur ya haɗa wuta iri biyu da ba sa jituwa. Gane shi ba wuya: a murɗa ki ba tare da tayar da inji ba, a kunna fitila, idan danja ba ta kama ba sai inji ya tashi, kuma haskenta na ƙaruwa idan an ba da wuta, to AC ce. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sababbin manyan babura masu kwamfutar da ke lura da kowace fitila ta tsarin sadarwar na'urori da ake kira CAN, wanda BMW ya fara sa wa baburinsa R1200GS a 2004. Irin waɗannan suna auna wutar da kowace waya ke ja, kuma idan ta ƙaru ko ta ragu sai su nuna alamar matsala ko su yanke layin baki ɗaya.

Na huɗu shi ne saurin ƙiftawa. Ƙa'idojin biyu sun yi ittifaƙi a kan sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Tsohuwar filasha (na'urar da ke sa sigina ƙiftawa) mai aiki da zafi ta dogara ne da yawan wutar da ƙwayayen ke ja, kuma galibi an rubuta a jikinta abin da aka ƙera ta dominsa, misali 10W×2 ko 21W×2. Duk canjin da ya taɓa wannan lissafi zai sa sigina ta riƙa rawar jiki da sauri, ko ta tsaya cak ba ƙiftawa.

Sauran su ne zafi, domin gidan sigina roba ce da aka yi don ƙwan da ke ci yana hutawa, ƙarko a gaban ruwa da girgiza, tsada, da kuma ko za a iya mayar da babur yadda yake idan an fasa ko za a sayar.

Hanya ta ɗaya: ƙwai mai zare biyu da sabon soket

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yanzu ita ce mafi tsabta ga babur mai sauƙin wayarin. Ana cire soket mai ƙafa ɗaya, irin na ƙwan 1156 ko P21W, a sa mai ƙafa biyu na ƙwan 1157 ko P21/5W. Gindin ƙwayayen biyu faɗinsu ɗaya, milimita 15, amma idan aka riƙe su a hannu za a ga ƙusoshin gefen 1156 suna daidai da juna, na 1157 kuwa ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga ƙasa, kuma yana da ɗigon dalma biyu a gindi maimakon ɗaya. An yi haka ne don kada ƙwan ya shiga a juye, saboda haka kankare ƙusa don a tura shi cikin tsohon soket kuskure ne da ke haɗa layi biyu wuri ɗaya. Wayar sigina ta asali tana zuwa babban zare, sannan a ja sabuwar waya daga layin danja, ta cikin sandar sigina, zuwa ƙaramin zare. A yawancin baburan Honda wayar danja ruwan ƙasa ce, a na Yamaha kuma shuɗiya, amma a tabbatar da mitar awon wuta kafin a yanka.

Kyawun wannan hanya shi ne layukan biyu ba sa haɗuwa ko'ina, don haka babu wutar da za ta koma baya ta kunna siginar gaba ko fitilar kan mita. Bambancin hasken ya zo daga kamfanin da ya ƙera ƙwan, ba sai an yi ƙiyasi ba. Ƙarin nauyin wat 10 ne kacal ga ɓangarorin biyu, ƙasa da amfiya ɗaya. Kayan suna da arha, kuma idan ƙwai ya ƙone ana samun madadinsa a duk inda ake sayar da kayan mota. Ko a babur mai danjar AC tana iya aiki, tunda zaren ƙwai bai damu da irin wutar ba, muddin layukan biyu suna komawa ta jikin babur.

Matsalarta ta farko wuri ne. Siginonin zamani sirara ne, kuma soket ɗin wasu a narke yake cikin robar gidan, ba ya cirewa. Ta biyu ita ce filasha: idan babur ya zo da ƙwan wat 21, babu abin da zai canza, amma idan na wat 10 ne, to sabon ƙwan ya ninka nauyin, sai an canza filasha, kuma ƙaramin gidan da aka yi don wat 10 zai sha zafi. Ta uku, siginar ba ta mutuwa gaba ɗaya tsakanin ƙiftawa, tana sauka ne daga haske mai ƙarfi zuwa mai rauni, wanda bai kai kunnawa da kashewa ɗaukar ido ba, ko da yake da bambancin ninki goma sha biyu ya wadatar. Sannan dole a samu jan murfi da ya dace da gidan, a kuma sa farin ƙwai a bayansa, domin ƙwai mai fentin ruwan goro a bayan jan murfi yana zubar da haske mai yawa.

Hanya ta biyu: dayod da rezista

A nan ba a canza ƙwai ko soket. Ana ɗauko wuta daga layin danja, a bi da ita ta rezista don ta ragu, sannan ta dayod, wanda ke hana wuta komawa baya, zuwa wayar kowace sigina. Kayan sun fi na kowace hanya arha, shi ya sa take jan hankali, amma tana buƙatar fahimtar abin da ake yi fiye da yadda take nunawa. Dayod biyu ba su isa ba, huɗu ake buƙata: biyu a kan sabon layin don kada wutar sigina ta koma cikin danja ta tsallaka ɗaya ɓangaren, biyu kuma a kan layin sigina na asali don kada wutar kullum ta gangara zuwa siginar gaba. Dayod ɗin 1N4007 da aka fi samu amfiya ɗaya yake ɗauka, alhali ƙwan wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75, don haka a layin sigina sai irin su 1N5408 mai amfiya 3. Kowane dayod kuma yana cin kimanin bolt 0.7, abin da ke ɗan rage ƙarfin ƙiftawar kanta.

Babban aibinta zafi ne. Don a rage ƙwan wat 21 zuwa rabin wutarsa, rezistan zai riƙa mayar da kusan wat 7 zafi a kowane ɓangare, ba hutawa, a ƙarƙashin kujera inda wayoyi da roba suke. Ga ƙwai mai zare, ban ga dalilin da zai sa a zaɓi wannan hanya ba alhali ta farko tana nan. Da ƙwan LED lamarin ya fi sauƙi, tunda wutar da yake ja kaɗan ce kuma ƙaramin rezista ya isa, sai dai ƙwayayen LED masu kyau suna da da'irar daidaita wuta a cikinsu wadda ke ƙin a rage musu haske ta wannan hanya: ko su ci da cikakken ƙarfi, ko su riƙa ɓari, ko su mutu. Ba ta dace da babur mai danjar AC ba, ba ta kuma dace da mai kwamfuta ba.

Hanya ta uku: rile mai juya aiki

Wasu suna amfani da rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, mai ƙafa biyar a kowane ɓangare, a bi da wutar danja ta ƙafa mai lamba 30 zuwa mai lamba 87a, ta yadda siginar za ta ci da cikakken haskenta koyaushe, sai filasha ta riƙa kashe ta idan an ba da sigina. Tana aiki, kuma ƙiftawarta kunnawa da kashewa ce sosai, amma ban ba kowa shawarar ta ba. Ƙwai biyu na wat 21 suna ci ba tsayawa wat 42 ke nan, kimanin amfiya 3.5 a kan siririyar wayar danja da fis ɗinta. Murfin roba yana laushi ya lotsa. Mafi muni kuma, jan haske mai ƙarfin wat 21 daidai yake da hasken birki, don haka na baya zai ga kamar an taka birki tun daga farkon tafiya, idan aka taka na gaske kuma ba zai ga wani bambanci mai yawa ba.

Hanya ta huɗu: akwatin sarrafawa

Wannan ƙaramar na'ura ce da ake sa wa ƙarƙashin kujera, tsakanin wayarin babur da fitilun baya. Tana karɓar layin danja, na birki, na hagu da na dama, sannan ita ke yanke shawarar hasken da kowace sigina za ta bayar. Tana rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashe wutar da saurin da ido ba ya gani, don haka ba ta ɓarnar wuta a zafi kamar rezista. Amfaninta babba shi ne tana ba da aiki uku daga ƙwai mai zare ɗaya: haske kaɗan a tafiya, cikakken haske idan an taka birki, da ƙiftawa idan an ba da sigina. Mai kyau daga cikinsu tana ba sigina fifiko, wato idan an taka birki ana kuma shirin juyawa hagu, ta dama za ta tsaya da cikakken haske, ta hagu kuma ta ci gaba da ƙiftawa har ƙasa. Wannan shi ne abin da za a tambaya kafin a saya, domin yawancin juyawa da birki ake yin su. Kamfanoni irin su Custom Dynamics da Kuryakyn suna ƙera irin waɗannan, wasu da fulogin da ke shiga na babur kai tsaye ba tare da yanka waya ba.

Tsadarta matsakaiciya ce zuwa sama, ta ninka ta hanya ta ɗaya sau da yawa. Wadda aka ƙera wa takamaiman babur ana haɗa ta cikin ɗan lokaci, ana kuma cire ta ba tare da barin tabo ba, kuma ita ce kaɗai hanyar da ta dace da babur mai kwamfuta idan ana son riƙe siginonin asali. Ta gama-gari kuwa sai an yanka wayoyi, kuma a nan ingancin haɗin ne ke yanke hukuncin ƙarkonta. Haɗarinta shi ne ta tara ayyuka da yawa wuri ɗaya: idan ruwa ya shige ta ko ta ƙone, siginonin baya biyu na iya mutuwa tare. Don haka a nemi wadda aka cike cikinta da danƙo, a ɗaure ta nesa da salansa da feshin taya, kuma kada a cire danjar tsakiya da sunan an sami madadinta. Wasu suna da tsarin sa fitilar birki walƙiya, wanda doka ta hana ko ta taƙaita a wurare da yawa, gara a bar shi a kashe. Ita ma tana buƙatar jan murfi, don haka ba ta warware matsalar ƙasashen da suka wajabta ruwan goro ba, kuma tana buƙatar DC.

Hanya ta biyar: sabuwar siginar LED mai aiki uku

Maimakon a yi wa tsohuwar sigina dabara, sai a cire ta a sa wadda aka ƙera da jan LED na danja da birki, da LED ruwan goro na sigina, duk a gida ɗaya. Cikin hanyoyin da ke taɓa sigina, wannan ce kaɗai ke gamsar da tsarin dokokin biyu, domin hasken kullum ja ne, ƙiftawa kuma ruwan goro, kuma ita ce ke riƙe fifikon da nazarin 2009 ya nuna. Wutar da take ja ba ta taka kara ta karya ba, ba ta zafi sosai, girgiza kuma ba ta tsinka mata zare. Kellermann na Jamus na daga cikin sanannun masu ƙera ta. Alamar da za a nema a jikin murfin ita ce harafin E a cikin da'ira tare da lambar ƙasa, da 50R wanda ke nuna ta cika ƙa'idar fitilun babur. Lamba 12 kuma tana nufin siginar baya ce.

Ita ce mafi tsada idan ta ainihi ce, kuma tana da kuɗaɗen da ba a gani da farko. Tsohuwar filasha za ta ɗauka ƙwai ya ƙone ta riƙa sauri, don haka sai an sa filashar LED, ko a jona rezistan nauyi, galibi mai om 6 da wat 50 a madadin ƙwan wat 21, wanda ke yin zafin da dole a ɗaure shi jikin ƙarfe. Filashar ta fi, domin rezistan yana mayar da wutar da aka yi tattali zuwa zafi. Idan aka canza siginonin gaba ma zuwa LED a babur mai fitilar sigina guda ɗaya a kan mita, wuta na iya tsallakawa ta cikinta har duk huɗun su riƙa ƙiftawa tare, sai an sa dayod biyu a wurin. Sannan sigina ita ce ke fara taɓa ƙasa idan babur ya faɗi, kuma wannan ba a canza mata ƙwai, sai dai a sayi wata sukutum. Kwaikwayonta masu arha sun cika kasuwa, suna da kyau a cikin rumfa amma su ɓace a rana, ruwa kuma ya taru a cikinsu bayan 'yan watanni. Ƙanƙantar wasu ma abin lura ne, domin ɗigo mai ƙarfi kamar ƙwayar wake bai kai faffaɗan murfi cika ido daga nesa ba. Wajen ɗaurawa a kiyaye tazara: ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi aƙalla milimita 180 tsakanin siginonin baya, ta Amurka kuma inci 9.

Hanya ta shida: a bar sigina, a ƙara jajayen fitilu

Wanda burinsa kawai a gan shi ne daga baya yana iya barin siginoninsa yadda suke, ya ƙara ƙananan jajayen fitilun LED guda biyu a gefen lamba, a kan kariyar ɗaukar kaya, ko a jikin akwatunan kaya, ya jona su da layin danja da na birki. Sigina ta ci gaba da zama ruwan goro mai kunnawa da kashewa daga duhu, filasha ba ta san an yi komai ba, kuma idan sababbin fitilun suka mutu babur ya koma yadda kamfani ya yi shi ne kawai. Tsadarta ƙasa ce zuwa matsakaiciya. Abin da ake rasawa shi ne tsabtar siffa, domin an ƙara kaya a jikin babur, kuma dole a nisanta su da siginar don kada jan hasken ya shanye ta. A babur mai kwamfuta sai a ɗauko wutarsu daga batir ta fis da rile ko ta na'urar da aka yi don haka, a mai danjar AC kuma a ɗauko daga layin da ke samun wutar batir idan an murɗa ki. Mutane da yawa da ke shirin yanka wayar sigina wannan ce ainihin abin da suke buƙata.

| Hanya | Tsada | Ƙarko | Sauƙin haɗawa | Launin sigina | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙwai mai zare biyu | Arha | Mai kyau, ƙwai na canzuwa | Matsakaici | Ja | Rashin wuri, zafi a ƙaramin gida |
| Dayod da rezista | Mafi arha | Rauni | Sai gwani | Ja | Zafi, wuta ta koma baya |
| Rile mai juya aiki | Arha | Rauni | Matsakaici | Ja | Kama da birki, narkar da murfi |
| Akwatin sarrafawa | Matsakaiciya zuwa sama | Ya danganta da inganci | Mai sauƙi idan da fulogi | Ja | Mutuwar siginoni biyu tare |
| LED mai aiki uku | Mafi tsada | Mai kyau sai dai faɗuwa | Matsakaici | Ruwan goro | Jabu, saurin ƙiftawa |
| Ƙarin jajayen fitilu | Arha zuwa matsakaiciya | Mai kyau | Mai sauƙi | Ruwan goro | Kusanci da sigina |

Kowace hanya aka bi, haɗin waya ne ke kashe aikin ko ya raya shi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure ruwa da girgizar bayan babur. A like da dalma ko a matse da maƙalli mai kyau, a rufe da bututun roba mai tsukewa da zafi, kuma a cire kan batir kafin a fara. Bayan an gama, a ajiye babur a fili da rana tsaka, a koma baya kamar taku talatin, wani ya taka birki ya kuma ba da sigina a lokaci guda. Idan sai an ƙura ido kafin a gane ɓangaren da ke ƙiftawa, aikin bai yi ba. A sake gwadawa da dare. A bar fitilun suna ci na kwata ɗaya na awa a taɓa murfin da bayan hannu, sannan a auna batir inji na tafiya: idan an ɗan ba da wuta ya kamata mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5.

Wa ya dace da wace

Mai tsohon babur ko mai sauƙin wayarin, wanda siginoninsa manya ne masu ƙwan wat 21, kuma dokar ƙasarsa ta yarda da jar sigina, ya ɗauki ƙwai mai zare biyu. Babu hanyar da ta kai ta ba da sakamako mai kyau da kuɗi kaɗan. Idan yana son siginonin su riƙa taya shi nuna birki ma, ko kuma baburinsa sabo ne mai kwamfuta, to akwatin sarrafawa da aka ƙera wa irin baburinsa, mai fulogi, shi ne nasa, kuma wanda garantin baburinsa bai ƙare ba kada ya kusanci duk abin da zai sa a yanka waya.

Wanda ke ƙasar da ta wajabta sigina ruwan goro zaɓi biyu kawai gare shi: LED mai aiki uku mai alamar E idan aljihu ya yarda kuma yana son bayan babur ya fita tsaf, ko ƙarin jajayen fitilu idan abin da ya dame shi shi ne a gan shi. Mai ƙaramin babur da danjarsa ke shan AC, da wanda ke aiki da baburinsa kullum a hanyar da faɗuwa da gogayya ba baƙon abu ba ne, ƙarin fitilun sun fi musu, tunda ba sa taɓa filasha, ba sa nauyaya wa kwayil, kuma idan ɗaya ta fashe maye gurbinta ba ya ciwo. Dayod da rezista na wanda ya riga ya sa jajayen ƙwayayen LED marasa da'irar daidaita wuta ne, yana da mita, ya kuma iya lissafin om da wat da kansa. Rile mai juya aiki kuwa a bar shi ga siginar gaba ko fitilun gefe masu ƙaramin ƙarfi, ba bayan babur ba.